Tambaya da Amsa: An kashe mutum a dandamali, 'yan kallo na ta ƙyaƙyata dariya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa kan dirama ne, ba ta fim ba, ta dandamali, kuma irin wadda ake kisan kai a ciki amma ana dariya. Kamar kullum mun cire sunaye. Masu tambaya kan waƙa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a arewacin Ingila, ranar Asabar wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta matsa min wai sai na raka ta kallon wasa, ni na ɗauka wani ƙaton gidan wasa za mu ashe wani ɗan zaure ne a bayan coci da kujerun roba, wlh bai fi cin mutum ɗari ba. Sunan wasan The 39 Steps. Mutum huɗu ne kacal suka yi shi amma sun fito a mutane kala-kala har na kasa ƙirgawa, tun a farko aka soka wa wata mata wuƙa a baya amma jama'a sai dariya suke, ni ma gsky na yi har da hawaye can kuma sai gabana ya faɗi. Da aka tashi aka ce min jarumin ma'aikacin gidan waya ne, matar kuma nas ce, kuma wai ko sisi ba a biyansu su ne ma suke biyan kuɗin ƙungiya. Dan Allah mene ne wannan abin? Kuma wasan na ban tsoro ne ko na ban dariya?
Daga wani ɗalibi a Ingila

AMSA: Ɗan'uwa ai tsohuwar nan ta yi maka gata, ka riƙe ta da kyau. Abin da ka gani ƙungiyar dirama ce ta mutanen gari, kuma a Ingila da Amurka ba yau aka fara ba, kusan duk gari mai ɗan girma za ka tarar da irinta. Mutane ne masu aikinsu na rana, malamin makaranta, direban bas, lauya, wanda ya yi ritaya, in an tashi aiki su haɗu su yi rihazal na wasu makonni sannan su nuna wasan kwana uku ko huɗu ko mako guda, kuɗin tikiti shi zai biya hayar zaure da katako da fenti da kuɗin izinin marubuci, in an samu rara a ajiye wa wasa na gaba. A Ingila har uwar ƙungiya gare su, NODA, tun 1899 aka kafa ta, waɗanda suke tafiyar da gidan wasa na kansu kuma suka yi tasu haɗakar a 1946. Akwai wata a unguwar Ealing a Landan sunanta Questors, tun 1929 take. Kuma kar ka raina su, Henry Fonda da ya zama babban jarumi a fina-finan Amurka a irin wannan ƙungiyar ya fara a garin Omaha a 1925, mahaifiyar wani babban jarumin, Marlon Brando, ce ma ta ja shi ciki.

Mu ma fa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, mantawa kawai muka yi. Kannywood ɗin nan daga ina ta fito in ba daga ƙungiyoyin dirama na Kano ba, irin su Tumbin Giwa da suka yi Turmin Danya a 1990? Bambancin kawai mu da kaset ɗin bidiyo ya zo sai kowa ya watsar da dandamali ya bi kyamara, su kuwa can sun riƙe duka biyun.

Shi wasan da ka kalla asalinsa littafi ne na John Buchan da ya fito a 1915, Alfred Hitchcock ya mai da shi fim a 1935, a fim ɗin labarin wani Richard Hannay ne da aka kashe 'yar leƙen asiri a ɗakinsa aka ɗora masa laifin, ya gudu Sikotilan a jirgin ƙasa 'yan sanda na binsa miyagu ma na binsa. Na dandamalin fim ɗin ya fi bi ba littafin ba. Wasu mutum biyu, Simon Corble da Nobby Dimon, su suka fara kawo dabarar a yi shi da 'yan wasa huɗu a tsakiyar shekarun 1990, kuma a ƙananan zaurukan ƙauyukan arewacin Ingila suka riƙa yawo da shi, ka ga ashe gida ya dawo da ka gan shi a bayan coci. Patrick Barlow ya sake rubuta shi aka buɗe a Leeds a 2005, ya shiga Landan a 2006 ya zauna a gidan wasa na Criterion har 2015, ya ci kyautar Olivier, babbar kyautar wasan dandamali ta Landan, ta sabon wasan barkwanci a 2007.

Yadda aka tsara shi, namiji ɗaya shi ne Hannay daga farko har ƙarshe, mace ɗaya ta fito a mata uku, sauran maza biyun su ne duk wanda ya rage a duniya, ɗan sanda, mai sai da jarida, manomi, mai otal da matarsa, mugu, a jimlace mutane fiye da ɗari. To labarin yana neman jirgin ƙasa da ƙatuwar gadar Forth ta Sikotilan da jirgin sama da daji, abin da ke kan dandamali kuwa akwatuna ne da tsani da huluna, mutum ya cire wannan hular ya sa waccan ya zama wani a tsakiyar magana, su hau kan akwati su riƙa kaɗa rigunansu da hannu wai iskar saman jirgi ce. Nan dariyar take. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi suke sonsa, rashin kuɗinsu ba ya ɓata wasan, ƙara masa armashi ma yake. Amma ka tuna fuskar jarumin, ka gan shi ya yi dariya ko sau ɗaya lokacin da ake binsa? Shi a wajensa rataye shi za a yi in aka kama shi, faɗuwar gaban da ka ji daga nan ta zo. Don haka duka biyun ne, kuma ka karanta amsar da ke biye don maganar ɗaya ce.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar dirama ta matasa, mun rubuta wasa da kanmu za mu nuna bayan salla. Labarin shi ne ana jajibirin ɗaurin aure sai aka tsinci wani baƙo ba rai a ɗakin da aka jibge kayan lefe, kuma akwatin gwal ya yi ɓatan dabo, uwar amarya ta ce wlh ba mai jin wannan zance sai an shafa fatiha, shi ne ake ta ɓoye gawar dangin ango na shigowa suna fita. Matsalar a rihazal ana dariya sosai amma ba wanda yake jin tsoro, kuma kafin a kai ƙarshe ba wanda ya damu da wa ya yi kisan. Muna da wani ɗan barkwanci da ya fito a yaron gida, shi yake kwashe wasan gaba ɗaya, kullum da sabon abin da zai ƙaro kuma ba ma son mu ɓata masa don shi ne mai jama'a. Ya za mu yi?
Daga Zariya

AMSA: Malam sakatare labarinku ya yi, kar ku taɓa shi. Ciwon yana wajen 'yan wasan, sun san abin dariya suke yi kuma fuskarsu ta nuna sun sani. Uwar amaryar nan ba ta da labarin tana cikin wasan barkwanci, ita abin da ta sani gobe ƙarfe goma sha ɗaya za a ɗaura wa 'yarta aure, an raba kati, an yanka sa, ga gawa a cikin lefe, in zancen ya fita an fasa auren kuma har jikokinta sai an yi musu gori. Wadda za ta fito a wannan matsayi dole ta ji wannan tashin hankalin da gaske, ta riƙa gaisawa da ƙanwar uban ango da fara'a da “lale marhabin” alhali ƙafar mamacin ta leƙo ta ƙarƙashin zannuwan atamfa a bayanta kuma tana gani. Dariyar tamu ce mu da muke zaune, ba tata ba ce. Da zarar ta juyo ta ƙifta mana ido ko ta yi wata tafiyar ban dariya shikenan ta gaya mana ba komai, mu kuma sai mu daina jin tsoro, in tsoron ya tafi dariyar da za ta rage ta shirme ce kawai, minti ashirin an gaji.

Akwai wani tsohon wasan Amurka na Joseph Kesselring, Arsenic and Old Lace, 1941 aka fara shi kuma har yau ƙungiyoyin gari ba su daina yinsa ba. Wasu tsofaffin mata ne biyu 'yan'uwan juna a unguwar Brooklyn ta birnin New York, kowa na yabon kirkinsu, ashe tsofaffin maza marasa kowa suke ba wa abin sha da guba a binne a ƙarƙashin gida, har mutum goma sha biyu. Abin da ke kashe mutane da dariya shi ne su a ransu taimako suke yi, suna ba da labarin a natse kamar masu lissafin sadakar da suka bayar, ɗan ɗan'uwansu da ya gano shi ne yake neman zaucewa. In waɗanda suka fito a tsofaffin suka riƙa zare ido suna dariyar mugunta wasan ya mutu nan take.

Sai maganar yaron gidanku. Na san irinsa, kowace ƙungiya tana da nata, kuma yawanci salon camama suka tashi da shi, irin na marigayi Ibro Allah ya jiƙansa, inda ake sakar wa mutum fili ya yi ta zuba. Wannan salon yana tafiya ne don can ba wani ƙulli da za a ɓata. Naku kuwa akwai ƙulli. Wa ya riƙe makullin ɗakin lefe, wa ya ce ya tafi masallaci alhali takalminsa na ƙofa, ta wace ƙofa mai ƙunshi ta fita, duk waɗannan sai an ajiye su a gaban 'yan kallo tun a fitowa ta ɗaya da ta biyu, su gani su ji amma hankalinsu na wani wajen, don in an tona a ƙarshe su dafe kai su ce kai ai mun gani! To in a daidai lokacin da ake faɗin maganar makulli shi yana can gefe yana kokawa da tukunyar shinkafa, ba wanda ya ji, ƙarshen naku ya zama ƙarya kenan, kun fito da mai laifi daga sama. Shi ya sa ba wanda ya damu da wa ya yi kisan.

Ba sai kun ɓata da shi ba. Darakta ya zaunar da shi shi kaɗai ba a gaban mutane ba, a ware masa wuri biyu ko uku a ce nan filinka ne yi yadda ka ga dama, amma ga jimlar da za ka rufe da ita don na gaba ya san lokacin shigowarsa, sauran wuraren kuma abin da aka rubuta shi za ka faɗa ba ƙari. Ni da ni ne ma shi zan mai da mai kisan, tunda kowa ya ɗauke shi wawa ba mai zarginsa, kuma ba ɗan wasan da zai ƙi a ce shi ne zai juye fuska a minti biyar na ƙarshe zauren ya yi tsit. Sai dai yanzu na riga na faɗa a mujalla, 'yan Zariya kuma suna karantawa, ku san yadda za ku yi.

Wani abu kuma, inda ake ajiye abin tsoro. A bayan babbar dariya ake sa shi, ba a gabanta ba. Mutum in yana dariya ya saki jiki, to a nan ne za a ƙwanƙwasa ƙofa, ko hannun da ake zaton na gawa ne ya motsa. Kuma ku koyi yin shiru, 'yan wasanmu suna tsoron shiru kamar me, da an yi daƙiƙa biyu ba magana sai wani ya cike da “to”, “ai kuwa”, “wallahi”. Ku bari a ƙwanƙwasa, kowa ya ƙame, ku ƙirga biyar a zuci kafin wani ya motsa. Haka in an yi dariya kar ku yi magana a cikinta don ba mai ji, ku ci gaba da abin da hannunku ke yi, in ta fara sauka sai ku ɗora kafin ta mutu gaba ɗaya. Wannan ba a koyonsa a gaban abokai da suka haddace wasan, ku gayyato mutum goma da ba su san labarin ba mako guda kafin ranar, a tsakiya ku tsaya ku tambaye su wa suke zargi. In duk sun faɗi mutum ɗaya kuma shi ne, da sauran aiki. In sun ce ba su sani ba kuma ba su damu ba, aikin ya ma fi yawa.

TAMBAYA: Malam ina bin filin nan da daɗewa. Jikana yana cikin masu irin wannan wasa, na ji suna shirin wanda ake ja da gawa ana dariya. Ni dai a tarbiyyar da aka yi mana mutuwa ba abin wasa ba ce. Ko zamani ne ya zo da haka?
Daga wani dattijo a Katsina

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya kuma ina so yaran su ji ta. Abin da zan ƙara kawai, in an yi wasan yadda ya kamata ba mamacin ake yi wa dariya ba, rayayyun ake yi wa, mai kwaɗayin da yake laluben aljihun gawa, matsoracin da ya rantse shi jarumi ne, mai ƙaryar da ƙaryarsa ta haifi wata. Wannan kuwa tashe ma da muka gada abin da yake yi kenan, a kwaikwayi halin banza a yi dariya mai shi ya ji kunya. Amma akwai iyaka kuma ba sai an yi musu a kanta ba. Wanka da likkafani da sallar jana'iza da makara ba su da wuri a wasan barkwanci. Sannan su duba su wa ke zaune a gabansu, a yankinku da Zamfara da wasu sassan Kaduna zai yi wuya a tara mutum ɗari biyu a rasa wanda 'yan bindiga suka kashe masa wani ko suka ɗauke masa wani, to a ce za a yi barkwanci da garkuwa da mutane ko harin dare, wannan ba gwaninta ba ce rashin tunani ne. Su tsaya a kan rikicin gado, kuɗin adashe, gwal ɗin lefe, abin da ya faru a cikin gida tsakanin mutanen da suka san juna. Ka ce jikan naka ya kawo maka takardar wasan ka karanta, ko ka je rihazal ɗin ka zauna a baya, in ka ga abin da ya wuce gona da iri ka faɗa musu.

TAMBAYA: Malam ni malama ce a sakandaren 'yan mata, ni nake kula da kulob ɗin dirama. Zan iya fassara Deathtrap ko The Mousetrap zuwa Hausa ɗalibaina su yi? Ba kuɗi za mu karɓa ba.
Daga Sakkwato

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. A taƙaice sai da izini. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya rubutu yana hannun magada har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, Agatha Christie mai The Mousetrap ta rasu a 1976, Ira Levin mai Deathtrap kuma a 2007, kin ga da sauran tafiya. Ƙungiyoyin can ma ba haka kawai suke ɗauka ba, kamfanoni irin su Concord Theatricals da Dramatists Play Service suke rubuta wa su biya kuɗi a kan kowane nuni, ko da kyauta za a shiga, kuma sharaɗin ba a canza rubutun, fassara kuwa izininta daban ne. Da dala ko fam ake biya, ki auna da kuɗin kulob ɗinki.

Ko da an ba ki ma Deathtrap ba na ɗalibanki ba ne. Wasa ne mai kyau ta fuskar ƙira, mutum biyar ɗaki ɗaya, wani marubucin wasanni da kasuwarsa ta mutu ɗalibinsa ya aiko masa da rubutu mai kyau sai ya fara raya wa matarsa cewa zai iya kashe yaron ya mallake rubutun, an nuna shi sau 1,793 a Broadway, wato manyan gidajen wasa na New York, daga 1978 zuwa 1982. Amma akwai alaƙar da ke tsakiyar ƙullin da ba za ki iya kawo ta gaban shugabar makaranta da iyayen yara ba, in kin cire ta kuma ƙullin ya warware. Littafin Buchan da aka gina The 39 Steps a kai shi ya fita daga hannun magada tunda ya rasu a 1940, kowa na iya gina nasa wasan a kai in dai bai kwashi na Barlow ba, sai dai kusan ba mace a cikinsa ko ta magani, ke kuma 'yan mata gare ki.

Ki rubuta naki mana. Ɗakin kwanan ɗalibai, daren da za a tafi hutu, kuɗin kulob ya ɓata, metiron ta kulle ƙofa ta ce ba mai fita, ba sai an kashe kowa ba ma. Littattafan wasanmu da ake karantawa a makaranta irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu da Kulɓa Na Ɓarna duk kan zaman aure da tarbiyya suke, wannan ɓangaren na wa-ya-aikata filinsa a buɗe yake.

TAMBAYA: Yallaɓai a wasanmu akwai inda wuta za ta ɗauke a ji harbi a kunna a ga mutum a ƙasa. Ya ake yi? Kuma wani ɗan ƙungiyarmu ya ce zai aro bindigar yayansa ɗan banga a cire harsashi don abin ya yi kama da gaske, wuƙa kuma za mu ɗauko ta kicin mu dakushe ta.
Daga Kano

AMSA: Bari in fara da ta biyun don ita ce mai hatsari. A'a. Ba bindigar gaske, ko an cire harsashi ko an rantse da Alƙur'ani an cire. A 1993 jarumi Brandon Lee a wajen ɗaukar fim ya mutu da bindigar da aka ce ba harsashin gaske a ciki, a 2021 haka aka harbe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wajen fim ɗin Rust a Amurka, kuma waɗannan wurare ne da ake biyan mutum musamman don ya kula da makamai. Wuƙa ma haka, a 2008 a wani babban gidan wasa a Biyana ta Ostiriya ɗan wasa ya yanki wuyansa a gaban jama'a da wuƙar da ya ɗauka dakusasshiya ce, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ban da wannan ma, ku yi tunanin a tare ɗanku a shingen 'yan sanda da daddare da bindiga a jaka yana cewa ta dirama ce. Kafinta ya yanka muku ta katako a shafa baƙin fenti, wuƙa kuma kwali mai kauri ko roba a naɗe da takardar azurfa, daga layi na uku ba mai bambancewa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ajiye su, shi zai miƙa shi zai karɓa. Ƙarar harbi kuma katako biyu masu faɗi za a haɗa da ƙarfi a bayan labule, ta fi ta lasifika tsinka zuciya don a cikin zauren take. Jini kuwa zoɓo mai kauri da ɗan sitaci ya wadatar, amma ku sani ba lallai ya fita daga farar shadda ba, kar a aro ta baban wani.

Ɗaukewar wuta kuma a nan ne za ku sha wahala. Matsala ta farko mutanenmu sun saba, da an ɗauke za su ce NEPA ce kowa ya zaro waya ya kunna tocila, sai ga wanda aka harba ana kallonsa yana shimfiɗa kansa a ƙasa a hankali yana gyara hula. Dole mai gabatarwa ya faɗa tun farko cewa akwai inda za a kashe fitila da gangan, dan Allah kar a haska. Kuma duhun kar ya wuce daƙiƙa biyar zuwa bakwai, a cika shi da sauti, ihu, faɗuwar kujera, gudu, don kunne ya samu abin yi. Ku manna ɗan farin salatif a ƙasa inda kowa zai tsaya, ku maimaita wannan wurin a duhu har sai ƙafa ta haddace. Ta biyu, ku yi wasan gaba ɗaya a kan janareta ko sola tun daga farko ko da akwai wuta, fitilun dandamali a kan makunni ɗaya a hannun mutum ɗaya da yake bin takarda, janaretan kuma a kai shi nesa da doguwar waya in ba haka ba shirun da kuke nema ba za a same shi ba. In da rana za ku yi a fili to ku manta da duhu, ku sa harbin ya faru a bayan ƙofa. Tunda a Kano kuke kuma za ku sai da tikiti, ku leƙa Hukumar Tace Fina-finai ku ji ko akwai takardar da ake buƙata, kar a zo ranar a tsayar da ku.

TAMBAYA: Ni aka ba wa gawa, minti ashirin zan yi a kwance, kuma wlh da an fara barkwanci dariya take kama ni cikina ya riƙa rawa. Mafita?
Daga Maraɗi

AMSA: Ƙanena ka faɗi a kan gefenka ka ba wa jama'a baya, riga mai faɗi, numfashi ta ciki a hankali, kuma ka toshe kunnen da ke ƙasa da auduga. Ka roƙi darakta ya sa ka faɗi a bayan kujera yadda ƙafafu kawai za a gani, in an ja ka an kai bayan labule sai a musanya ka da buhu a naɗe a tabarma da takalminka a ƙarshe. Kuma kar ka sha kunun aya kafin a fara.

TAMBAYA: Kwana uku za mu nuna wasanmu, tsorona waɗanda suka kalla ranar farko su watsa wanda ya yi kisan a WhatsApp.
Daga wata 'yar ƙungiya a Jos

AMSA: Ƙanwata za su watsa, wasu kam. Amma roƙo yana aiki fiye da yadda kike zato. The Mousetrap tun 1952 ake yinsa a Landan, in ban da hutun korona daga Maris 2020 zuwa Mayu 2021, kuma duk dare in an gama ɗaya daga cikin 'yan wasan yake fitowa ya roƙi jama'a su riƙe sirrin, yawanci kuma suna riƙewa don an mai da su abokan ƙulli. Ku ma wanda ya yi kisan shi zai fito ya ce amana ce na ba ku, wanda ya tona ni na san gidansa, a yi dariya a watse. Ku hana ɗaukar bidiyo a fitowar ƙarshe, ku sa mutum biyu a gefe suna lura.

In kuma kuna da ƙarfin hali akwai wata hanyar. Wani wasa mai suna Shear Madness da aka shafe shekara 40 ana yi a Boston, daga 1980 zuwa 2020, 'yan kallo ne suke yi wa waɗanda ake zargi tambayoyi sannan su kaɗa ƙuri'a, wanda ya fi samun hannu shi ne mai laifin wannan daren. Da irin 'yan kallonmu da dama ba sa iya shiru, tun daga kujera suke ihu “ga shi nan a bayanka!”, wannan zai zauna daidai. Sai dai fa kowane wanda ake zargi sai an rubuta masa nasa ƙarshen da dalilinsa da shaidar da za ta kama shi, kuma duk ƙungiyar sai ta haddace ukun ko huɗun, don haka in saura mako biyu ku fara, ku tsaya a kan roƙon kawai.